Abin da fadama ke koya wa mai saren tulu

Duk wanda ya bi Gulbin Maraɗi da bazara ya ga yadda fadama ke darewa. Halin laka ke nan: in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke. Sama ke riga ciki bushewa, shi ke sa ta tsage.

Haka ma yumɓun tulunan da muke sarowa daga Mirriya. Don haka ne magina ke cuɗa yumɓu da dakakken tsingaro, su shanya a inuwa, nesa da iskar hunturu. Tulun da aka yi wa gaggawa yakan ɓoye tsagarsa har bayan gashi.

Iyayenmu mata, kafin ku biya, ku ƙwanƙwasa. Lafiyayyen tulu amonsa garau yake, tsagagge kuwa muryarsa a dushe. Kada jarinku ya tsiyaye a hanya.