Digirin Aikin Jarida: Ko Yana Mayar Da Kuɗinsa?

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

A unguwar Moduganari da ke Maiduguri akwai gidajen da masu su ke neman abinci a Kudu, wani a Agege, wani a Sabo ta Badun, su ne kuma ke aiko da kuɗin karatun yara. To, idan yaro ya ce aikin jarida zai karanta a Jami'ar Maiduguri, wajibi ne maigida ya san abin da zai dawo masa.

Karatun shekara huɗu ne, sannan a yi shekara guda ta bautar ƙasa, inda tun 2025 ake biyan Naira 77,000 a wata. Wani yaron ma wannan alawus ya fi albashin da zai fara samu, domin Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya ta sha kokawa cewa wasu gidajen jaridu da rediyo masu zaman kansu sukan yi watanni ba su biya ma'aikata ba. Daga nan ne "kuɗin mota" da ake miƙa wa ɗan jarida bayan taro ya samo asali, abin da ke zubar da mutuncin sana'ar.

Inda takardar ke da daraja a fili shi ne aikin gwamnati, kamar gidan rediyo da talabijin na Jihar Barno ko NTA. Mai digiri yana shiga a mataki na 8, ga fansho a gaba, mai takardar sakandare kuwa daga can ƙasa zai faro. Sai dai guraben ba su da yawa.

Amma fa a Maiduguri harshe ya fi kawo kuɗi. Tun da rikicin 2009 ya jawo ƙungiyoyin agaji garin, yaron da ya iya rubuta Turanci mai kyau, ya kuma ji Barbarci da Hausa, shi ake nema don tafinta da yaɗa labarai. Wannan ƙofa ma ta ƙuntata bayan da Amurka ta yanke tallafinta a watannin farko na 2025.

Kada a manta, Alhaji Abubakar Imam da ya fara shirya Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba shi da digiri. Sai dai zamaninsa daban ne, yau takarda ake fara tambaya. A ganina, a bar yaro ya yi karatun, amma tun yana aji ɗaya ya riƙa zuwa gidan rediyo koyon aiki lokacin hutu, kada kuma a sayar da gona ko sa saboda shi.