Masu ba da hannu na sa-kai: abin da suke iya warwarewa a cunkoson Kano, da abin da ya fi ƙarfinsu

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a 'Yan Kura da la'asar ya san ba kullum yawan motoci ke haddasa cunkoso ba. Sau da yawa direba ɗaya ne zai kutsa tsakiyar mahaɗa alhali gabansa a toshe yake, ya datse wa na gefe hanya, su ma su datse wa wasu, har kowa ya tsaya cak. A nan amfanin mai ba da hannu yake: ya tsayar da ɓangare guda, ya hana kowa tsayawa a tsakiya, ya riƙa sakin motoci rukuni-rukuni.

Ba dukan masu wannan aiki ke karɓar albashi ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da jami'an sa-kai da doka ta san da zamansu. Akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addini, waɗanda ke tsare hanyoyin masallatai ranar Juma'a da lokacin tafsirin azumi. Sai samarin unguwa da ke fitowa don raɗin kansu idan danja ta mutu.

Sai dai hannu ba ya faɗaɗa titi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta cika gari, kuma tana ɗauka tana saukewa a bakin mahaɗa, daidai inda titi ya fi buƙatar sarari. Ɗan agaji ko saurayin unguwa roƙo kawai zai yi. Ikon cin tara na hannun hukumomi irin su KAROTA. Ga shi mahaɗarsa kaɗai yake gani. Idan ya saki dogon layi ba tare da sanin halin da ta gaba ke ciki ba, cunkoson bai gushe ba, ƙaura ya yi.

Batun da ya fi cancantar a tuhumi mahukunta a kansa shi ne na alhaki. Inda babu rajista ko horo, na goro kan shigo ciki, kuma da zarar ya shigo, wanda ya miƙa shi ke fara wucewa. Haka nan idan mota ta buge saurayin da ke tsaye a tsakiyar titi ba rigar da ke nuna shi da dare, jinyarsa a wuyan iyayensa take faɗawa.