Sauya Furosesa: Shin Shi Ne Maganin Nawar Kwamfuta?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin layi a shagon buga takardu a Kafanchan, ko a bakin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ke kusa da Godogodo, lokacin miƙa kundin kammala karatu, ya san takaicin kwamfuta mai nawa. Ɗalibi na sauri, mai shago kuwa na asarar ciniki. Shawarar da aka fi ba shi ita ce ya sauya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ya kamata a duba kafin a kashe kuɗi.

A Fara Gano Ciwon

Ba kowace nawa ce laifin furosesa ba. A tagar Task Manager ta manhajar Windows ana ganin yadda kowane sashe ke aiki. Idan ma'ajiyar wucin gadi, wato RAM, ce ta cika, ko faifan ajiya ya tsaya a kashi 100, to sabon furosesa ba zai yi magani ba. A nan ƙara RAM daga gigabait 4 zuwa 8, ko maye tsohon faifai mai juyawa da SSD, ya fi araha kuma ya fi tasiri. Haka nan ƙurar hunturu kan toshe fanka, furosesa ya ɗau zafi, ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Wannan shara kawai yake buƙata.

Gurbi da Babban Allo

Idan an tabbatar furosesa ne ya gaza, sai a duba gurbinsa a kan babban allo, domin kowane gurbi da irin nasa. Alal misali, gurbin LGA1155 da kamfanin Intel ya fito da shi a 2011 yana ɗaukar zubi na biyu da na uku na jerin Core. Mai i3-2100, wanda ke da cibiyar aiki biyu, yana iya sa i5-2400 mai huɗu. Amma zubi na huɗu ba zai shiga ba, sai a gurbin LGA1150 na 2013.

Ko gurbin ya dace ma, akwai sauran rina a kaba. Dell OptiPlex 790 da 7010 gurbinsu ɗaya, amma 790 ba ta karɓar zubi na uku. Wasu allunan kuma sai an sabunta musu BIOS, kuma idan wuta ta ɗauke ana cikin haka, allon na iya mutuwa. Saboda haka kada a fara sai da UPS. A lura da zafi kuma: i3-2100 wat 65 ne, i5-2400 kuwa wat 95, don haka tilas fanka ta iya da shi.

Yadda Ake Sauyawa

A zare waya daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke lantarkin jiki. A cire fanka, a ɗaga maƙallin gurbi, a daidaita alamar kusurwa uku da ke jikin furosesa da ta gurbin, a ajiye shi ba tare da dannawa ba. Alluran gurbin sirara ne ƙwarai, lanƙwasa ɗaya na iya jawo gyaran gangar Auzinawa. A goge tsohon man sanyaya, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, sannan a mayar da fanka.

Kammalawa

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 daga zubi na takwas na Intel ta fara karɓa. Ke nan duk furosesan da aka ɗora a LGA1155 ba zai cika wannan sharaɗi ba. Mai buga takardu kawai zai iya cin moriyar tsohuwar na'urarsa na ɗan lokaci, amma mai yi wa jama'a rajista a intanet gara ya tara kuɗin ya sayi wadda ta fi sabunta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.