Itatuwa, Tudu da Kwari: Yadda Suke Sarrafa Iska

Yau zancen iska za mu yi, wadda ke cika mana abinci da ƙura da hunturu, ta kuma yaye kwanon ɗaki a farkon damina.

Uwargida, ki sani iskar da ke can sama ta fi ta ƙasa gudu. Dalili kuwa, ta ƙasa tana gogar duk abin da ta tarar, ciyawa ne, gida ne ko itace, kowanne sai ya rage mata ƙarfi. A fili fetal kuwa, inda aka sare itatuwa, ba mai tare ta, sai ta kwashi rairayi ta binne gero yana ɗan tsiro.

To, yaya itace ke yin wannan aiki? Idan iska ta iske jerin itatuwa, wata ta haura ta sama, wata ta kurɗa ta cikin ganye ta fito a gajiye. Jeri mai tsayin mita 10 yana iya kare fili na wajen mita 100 a bayansa, har ma fiye. Katanga ba ta da kafar da iska za ta bi, don haka sai ta tsallako ta faɗo tana juyi kamar 'yar guguwa. Shi ya sa za ki ga shara na taruwa a gindin katanga.

An ga amfanin wannan a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar. Tun 1975 aka fara dasa darbejiya layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri, kuma amfanin gero ya ƙaru a gonakin da ke tsakaninsu.

Shimfiɗar ƙasa ma tana da nata tasirin. Iska na ƙara gudu a kan tudu, wanda ya taɓa hawa Dala shaida ne. Haka take yi idan ta matsu tsakanin duwatsu ko a lungu, kamar ruwa a ƙaramar kwata. Da dare kuma iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangara ta kwanta a kwari. Saboda haka masu zama kusa da fadama, a ƙara wa yara mayafi.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina kuwa galibi daga gabas. Nan ne ya kamata a dasa itatuwa, a ɗan nisanta su da ɗaki saboda saiwa da karyewar reshe. Ƙofar madafa kuma kada ta dubi wannan sashe, don tartsatsi bai da wuyar kama dangar kara.

Don Allah a yi wa maigida wannan bayani kafin a ɗora gatari a kan itacen ƙofar gida.