Ijazar Malamin Zamani: Zango Guda a Wata Firamare Tsakanin Kabo da Gwarzo

Wanda ya fita birnin Kano ta Kabuga, ya miƙi titin Gwarzo, ya bar sabon mazaunin Jami'ar Bayero a bayansa, ya ratsa Rimin Gado har ya shiga ƙasar Kabo, ba ya bukatar a gaya masa cewa ya zo ƙasar manoma, domin da damina dawa da gero da masara da gyaɗa ne suke yi masa rakiya dama da hauni, idan kuwa ruwa ya ɗauke sai ya tarar masu noman rani sun kewaye madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da tumatir da albasa. To, a tsakanin Kabo da Gwarzo, in an saki kwalta an bi wani burtali, tafiyar da ba ta gajiyar da mai keke, akwai wata makarantar firamare wadda ba zan ambaci sunanta ba, saboda irinta suna da yawa a wannan yanki, abin da duk aka faɗa a kanta kuwa an faɗa a kansu. Ajujuwa ne jere biyu masu rufin kwano, da ofishin hedimasta wanda shi ne kuma ma'ajiyar alli da rajista, da wata babbar darbejiya a tsakar fili inda aka rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota. Shi ake bugawa a shiga aji, shi ake bugawa a fita tara, shi ake bugawa a tashi.

A kowace shekara akwai zangon da wannan makaranta takan yi baƙi, wato samari da 'yan mata masu neman takardar malanta ta NCE, waɗanda kwalejojinsu suke turowa domin su yi koyon koyarwa a gaban yara na gaske. Galibinsu 'yan wannan ƙasa ne, daga Getso ko Kutama ko Garo ko Durun, sun roƙa a turo su kusa da gida saboda ba su da halin kama ɗaki a wani gari. Sukan iso da takardar gabatarwa a hannu, da sabon littafin shirin darasi, da wata irin kunya ta wanda jiya yake zaune a benci yau kuma ake ce masa Malam. Hedimastan da yake karɓarsu dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, yana cikin 'yan ragowar waɗanda suka fara da takardar malanta mai daraja ta biyu, daga baya ya ɗaga ta zuwa NCE ta hanyar karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Al'adarsa ita ce ba ya miƙa wa baƙo aji a ranar farko. Yakan ce masa, "Malam ƙarami, kafin ka taɓa alli, ka yi mini sati guda a bayan aji kana kallo, ka kuma haddace sunayen yaranka, domin yaron da ba ka san sunansa ba ba zai ji kiranka ba." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Allah ya gafarta Malam."

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa horon malamai shi ne tubalin farko da aka aza ilimin boko a kansa a ƙasar Arewa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, cikin manyan maƙasudanta har da samar da malaman da za su koyar a larduna. Kwalejin Katsina kuwa, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, asalinta makarantar horon malamai ce, daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka fito, dukansu kuma sun riƙe alli kafin su riƙe wani abu dabam. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatun malanta a Landan, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. A wancan zamani malami ɗan zaɓe ne, ana tsamo shi daga cikin haziƙan midil, a ajiye shi shekaru a makarantar kwana ana lura da karatunsa da ladabinsa da tsabtarsa. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi kirdado, sai ya zama tilas a horar da malamai cikin gaggawa, aka gajarta abin da a da ake tsawaitawa, kuma har yau ƙauyukanmu ba su gama biyan bashin wannan gaggawa ba.

A yau hanyar da doka ta shata a fili take. Manufar ilimi ta ƙasa ta ajiye NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aji da ita, karatu ne na shekara uku a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1989, ana shigarsa da sakamakon sakandare mai kyau ta hannun JAMB. Ɗan Gwarzo ko ɗan Kabo da ya nufi wannan hanya yakan tafi Kumbotso, ko Bichi, ko cikin birni, ko Zariya. Wanda ya fi son digiri kuma ya nufi tsangayar ilimi ta jami'a, wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni sai ya ƙara da difloma ta malanta. Bayan wannan duka akwai Majalisar Rajistar Malamai ta Najeriya, TRCN, wadda doka mai lamba 31 ta 1993 ta kafa, ita ce mai rajista, ita ce mai ba da lasisi, ta kasa malamai gida huɗu gwargwadon karatunsu, masu NCE suna a mataki na huɗu, kuma tun daga 2017 ba ta ba da shaida sai an ci jarrabawarta ta cancanta. Wannan hukunci bai bambanta tsakanin kowa da kowa ba: wanda ya fito daga Jami'ar Veritas ta mabiya ɗariƙar Katolika a Abuja, da wanda ya fito daga Kwalejin Aminu Kano ta Shari'a da Addinin Musulunci, ƙofa ɗaya za su bi, rantsuwa ɗaya za su yi, ko da yake kowannensu yana da tarbiyyar addininsa da ya taso a kanta. Ni dai ina ganin wannan adalci ne, kuma maslaha ce babba a hana wanda bai koyi sana'a ba ya gwada hannunsa a kan 'ya'yan mutane.

Amma fa a nan ƙarƙashin darbejiya ake gane tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35. Sabon malami yana shiga aji biyu sai ya ga yara sun cika benci sun malala ƙasa har bakin ƙofa, wasu da ƙannensu goye a baya, wasu sun zo bayan sun gama karatun allo na asuba, wasu kuma ba za a gan su ba ranar kasuwa ko lokacin cirar gyaɗa. A kwaleji an karantar da shi falsafar ilimi da halayyar yara da tarihin manhaja, duka da Ingilishi, ya kuma yi gwajin koyarwa na 'yan mintoci a gaban abokan karatunsa masu gemu waɗanda suka yi kamar su yara ne. Ba a nuna masa yadda zai koya wa ɗan shekara bakwai bambancin ka da ƙa, ko da da ɗa, ba, alhali kuwa wannan shi ne aikin da ke jiransa da safe. Na ga wata yarinya daga cikin masu koyon koyarwar ta shirya darasin lissafi tsaf, da manufa da matakai da tambayoyin auna fahimta, ta karanta shi kamar huɗuba, yara suna amsawa da "Yes, Malama" ba tare da sun fahimci ko harafi ɗaya ba. Da aka fita tara sai wata tsohuwar malama ta ja ta gefe, ta aiki yara suka tsinto ƙwallayen dabino da marafan lemo, ta ce mata, "'Yata, ki bar Turancin nan tukuna, ki sa su ƙirga da hannunsu, in sun gane da Hausa sai ki ba su sunansa da Turanci." Kafin sati ya zagayo ajin ya canza, har wanda ya fi kowa shiru ya fara ɗaga hannu. Wannan tsohuwar malama ba ta da alawus a kan abin da ta yi, sunanta kuma ba zai fito a takardar yarinyar ba, ga shi kuwa a hannunta aka koyi rabin sana'ar.

Sai maganar mai duba ɗalibai, wanda kwaleji take turowa domin ya zauna a bayan aji ya ga koyarwa ya ba da maki. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, waɗanda za su hau acaɓa su keta burtali cikin ƙurar hunturu, su zauna darasi ya ƙare, sa'an nan su keɓe da ɗalibi su nuna masa inda ya yi daidai da inda ya yi tuntuɓe. Akwai kuma lokacin da zango zai kusa ƙarewa ba a ga kowa ba, daga ƙarshe a aiko a ce ɗalibai su haɗu a wata makaranta da ke bakin titi da littattafan shirin darasinsu, a duba rubutu, a sa hannu, a juya. Ba na gaggawar ɗora laifi a kan mutum ɗaya, domin malami guda akan ba shi ɗalibai masu yawa a ƙauyuka masu nisa da juna, kuɗin mota kuma bai taka kara ya karya ba. Sai dai uzuri ba ya mai da abin da ba a gani ba ya zama an gani. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa mai shaida ba ya shaida sai a kan abin da ya sani da yaƙini, takardar malanta kuwa shaida ce ake bayarwa a gaban al'umma cewa wane ya iya koyarwa. To, yaya matsayin shaidar da mai ita bai taɓa ganin wanen a gaban allo ba?

Kakanninmu ba su jahilci wannan mas'ala ba, bal ma sun fi mu tsanani a cikinta. A tsangaya almajiri yakan tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, kuma tun yana gardi ake ba shi ƙananan yara yana biya musu a kan idon alaramma, shekara da shekaru, kafin a yarda ya kafa tasa makarantar. A zauren ilimi kuwa ɗalibi ba ya zama ya karantar da Risala ko Askari sai malaminsa ya yi masa izini, ijazar da zai samu kuma tana ɗauke da sunan wanda ya ba shi, da wanda ya ba wancan, har silsila ta kai ga mawallafin littafin, ta yadda in ya yi ɓarna an san wanda za a tuhuma. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya wallafa domin ya ambaci shaihunan da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu. Nana Asma'u kuwa, da ta tsara karantar da matan karkara ta hanyar 'Yan Taru, ba ta tura jaji, wato jagorar matan, ƙauye sai ta zauna da ita ta karantar da ita ta amince da hankalinta da halinta, sa'an nan ta naɗa mata malfa da jan rawani, kowa ya gani ya san da izinin wa take magana. A duk waɗannan, mai ba da izini ya ga mai karɓa da idonsa, kuma ya jingina mutuncinsa da nasa.

Jarrabawar lasisi ta yau a kwamfuta ake yin ta, a cibiyoyin da ke manyan garuruwa, tambayoyi ne da ake zaɓar amsa ɗaya daga cikin amsoshi. Malamin wannan makaranta da zai rubuta ta, sai ya tara kuɗin rajista daga albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ya je shagon masu kwamfuta a Gwarzo ya koyi riƙe linzami, ya yi asubancin shiga mota zuwa Kano. Bayan shekara uku kuma lasisin yana bukatar sabuntawa. Jarrabawar tana da amfaninta, don takan tace wanda bai san komai ba, kuma abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017, inda aka sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan gwajin cancanta, ya isa ya nuna cewa takarda kaɗai ba ta isa hujja ba. Amma kwamfuta ba ta ganin haƙurin malami ga yaron da ya kasa, ba ta jin muryarsa ko tana kaiwa bencin ƙarshe, ba ta sanin ko yana zuwa ranar Juma'a. Gwamnatin Tarayya ta taɓa sa ƙarshen 2019 a matsayin wa'adin fitar da marasa rajista daga aji, dokar 2022 ta ɗaga shekarun ajiye aikin malamai zuwa 65, Jihar Kano kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duka matakai ne na alheri, sai dai babu ɗayansu da zai sa mai duba ɗalibai ya iso ƙarƙashin darbejiyar nan in ba a ba shi abin hawa da lokaci ba.

Idan zango ya ƙare, yara sukan raka sababbin malamansu har bakin burtali, hedimasta ya cika musu takarda ya buga hatimi, ya yi musu addu'a. Kaɗan daga cikinsu ne za su dawo a matsayin malamai, domin ɗaukar aiki ba kullum ake yi ba, wasu kuma tun farko sun shiga kwalejin ilimi ne don jami'a ba ta samu ba. Waɗanda suka zauna suna koyarwa a matsayin 'yan sa-kai, ƙungiyar iyaye da malamai ce take ɗan tsakura musu abin sabulu.

Saboda haka ina roƙon shugabannin kwalejojin ilimi, da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano, da sakatarorin ilimi na Gwarzo da Kabo, su ɗauki zangon koyon koyarwa a matsayin farilla daga cikin farillan wannan sana'a. A rage yawan ɗaliban da ake ɗora wa mai dubawa ɗaya, a biya shi kuɗin tafiya kafin ya tashi, kada kuma a karɓi makin da ba a bayar da shi a cikin aji ba. A zaɓi gogaggun malamai a kowace makaranta, irin tsohuwar malamar nan, a ba su amanar sababbi a hukumance, a ba su lada, a kuma rubuta sunayensu a jikin shaidar waɗanda suka horar. Majalisar rajista kuwa ta matso da cibiyoyin jarrabawarta kusa da malaman karkara. Ku kuma iyayen yara na wannan yanki, idan kuka ji an kawo sabon malami, ku je makaranta ku gaisa da shi, ku tambayi hedimasta ko an zo an duba shi, domin 'ya'yanku ne za a danƙa masa.