Kakannin Giwa da Danginta

Hausawa sun ce, giwa a garin wani zomo ce. Abin mamaki kuwa, masana sun gano cewa kakannin giwa na farko ba su fi zomo girma da yawa ba.

Yaya aka yi aka sani? In dabba ta mutu cikin laka, wani lokaci ƙasa takan rufe ƙasusuwanta, su daɗe har su zama dutse. Masana sukan tono su, su auna shekarunsu. A ƙasar Maroko an tono haƙoran wata 'yar dabba wadda ta rayu shekara wajen miliyan 60 da suka wuce. Ba ta da dogon hanci, ba ta da haure, amma haƙoranta sun nuna dangin giwa ce. A 1901 kuma an sami ƙasusuwan wata a Fayum, cikin ƙasar Masar. Ita tsayinta bai kai na jaki ba, kuma cikin fadama take kiwo kamar dorina.

Sannu a hankali zuriyarsu ta yi ta ƙara girma. Ƙafafu suka yi tsawo, kai ya yi nauyi, wuya kuwa gajere, har baki ya yi nisa da ƙasa. To, wadda hancinta ya ɗara tsawo ita ta fi samun ci da sha, 'ya'yanta kuma su gaje ta. Da haka hanci da leɓen sama suka haɗu suka zama hannun giwa. Haure kuwa haƙorin gaba ne wanda ba ya daina tsiro.

Daga Afirka suka bazu cikin duniya, suka kasu iri iri. Akwai wadda haurenta a haɓa yake, ya lanƙwasa ƙasa kamar fartanya. Akwai ta tsibirin Sisili, wadda tsayinta ƙafa 3 ne kawai. Akwai mamot, mai dogon gashi, ta ƙasashen ƙanƙara. Yanayi ya sake, mutane kuma suka yi ta farautarta, har ta ƙarshe ta mutu a wani tsibiri na arewacin Rasha, shekara wajen 4,000 da suka wuce. Yau iri 3 kaɗai suka rage: biyu a Afirka, ɗaya a Asiya.

Amma giwa tana da dangi a raye, waɗanda ba a zato. Ɗaya ita ce rema, mai shan hantsi a kan duwatsu. In an duba bakinta, a ga haƙora biyu kamar 'yan haure. Ɗayan kuwa ayu ne, na kogin Binuwai.

A da giwaye sukan ratsa dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, ba nisa da Dandume. Yanzu yaron Dandume sai ya girma bai taɓa ganin ko sawunta ba, don an sare daji an yi gonaki, maharba kuma sun bi ta saboda haure. Cikin 'yan garkunan da suka rage a Nijeriya akwai na dajin Yankari, a Jihar Bauchi. In ba a tsare su ba, hanyar mamot za su bi, abin da ya ƙare kuwa ba ya komowa.

Tambayoyi
1. Yaya ƙashi yake zama dutse?
2. Me ya ƙarar da mamot?
3. Faɗi dangin giwa biyu da suke raye.