Daga Lamba Zuwa Wuta: Yadda Ake Haɗa Allon DAC Don Sarrafa Famfon Sola

Idan ka taɓa zuwa gonakin rani a gefen madatsar Tomas da ke Dambatta, ko fadamun Minjibir, ka san yadda ruwa ke zama abin lissafi a watan Maris da Afrilu. Gonakin ƙanana ne, sun matsu da juna, ga rijiya tana ja da baya. Famfon sola mai gudu da iya ƙarfinsa zai iya zuƙe rijiya, ya ci gaba da juyawa ba ruwa har ya ƙone. Maganin shi ne a riƙa rage masa gudu gwargwadon ruwan da ya saura. To, ta yaya 'yar kwamfuta irin Arduino za ta ce wa famfo ya sassauta?

Ita kwamfuta lamba kawai ta sani. Ita kuwa inbatar da ke juya famfo, da yawa suna karɓar umarni ne ta ƙarfin wuta, daga bolt 0 zuwa 10: wuta kaɗan, gudu kaɗan. Ke nan ana buƙatar tafinta a tsakani, mai mayar da lamba ta koma wuta. Shi ne DAC. Akwai shi ma a wayarka, don shi ke mayar da saƙon muryar WhatsApp ya zama sautin da kake ji.

Bari mu ɗauki allon gwaji mai ɗauke da MCP4725 na kamfanin Microchip. Ka ɗauke shi kamar tsani mai matakala 4,096, daga 0 zuwa 4,095. Idan ka ba shi bolt 5, kowace matakala kusan milibolt 1.2 ce. Ka tura masa 2,048, ya fitar da bolt 2.5.

Ga yadda ake haɗa shi da Arduino Uno:

1. Cire wuta tukuna. Fara haɗa GND da GND. Idan ba su tsaya a ƙasa ɗaya ba, kowa sifirinsa daban, awon ya zama shirme.
2. Haɗa VCC da 5V.
3. SDA zuwa A4, SCL zuwa A5. Ta waɗannan wayoyi biyu suke magana, a tsarin da ake kira I2C. Idan ka musanya su, allon zai yi gum.
4. Nemo adireshin allon. Wasu 0x60 ne, wasu 0x62. Ɗan shirin binciken I2C zai nuna maka.
5. Kar ka haɗa inbata tukuna. Sa mita a OUT, ka tura 0, sannan 2,048, sannan 4,095. Ka ga sifiri, rabi, da kusan bolt 5? To ka yi daidai.

Yanzu ga inda ake yawan tuntuɓe. Wannan allon da wutar da ka ba shi yake awo. Idan ta sauka zuwa 4.7, rabinka ya koma 2.35, kamar mai awo da aka canja wa mudu bai sani ba. Don haka ka ba shi wuta tsayayya. Sannan bolt 5 ne iyakarsa, inbata kuma 10 take so. Sai ka sa ƙaramar amfilifaya irin LM358, da wutar bolt 12, ta ninka shi sau biyu. Kuma kar ka yi tunanin OUT zai juya inji kai tsaye. Umarni yake bayarwa, ba ƙarfi ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni wahala a gwajina. MCP4725 yana da 'yar ma'ajiya da ke riƙe lambar da zai farka da ita, kuma daga masana'anta a kan rabi aka bar ta. Duk sanda wuta ta ɗauke ta dawo, zai fitar da rabin wuta kafin Arduino ta ce uffan. In kuma wayar SDA ta zare, haka zai zauna. A kan teburi ba komai ba ne. A gona kuwa, inda gajimare ko ƙurar hunturu ke iya katse wutar sola, famfo ne zai iya tashi da kansa a rijiyar da ba ruwa.

Saboda haka, kafin ka kai allon gona, rubuta 0 a ma'ajiyar. Cire wuta, mayar, ka duba mita. Sai ka ga sifiri sannan ka haɗa famfo.